Da Tsohuwar Zuma Ake Magani? Tarihin Kwinin, Kulorokwin da Izinin Hukuma a Ƙasar Gobir

Duk wanda ya tashi a Sabon Birni ko Isa kafin shekarar 2005 ya san ɗacin kulorokwin, ya kuma san ƙaiƙayin da yakan biyo bayansa. Da damina ta kankama, gulbi ya cika ya batse, sauro ya tashi daga fadamu, yaro ya kwanta da masassara, shi ne abin da ake fara aikawa a sayo a kemis. A tsallaken iyaka, a Tsibiri da Gidan Rumji da Maraɗi, shi ne dai ake sha, sai dai a can an fi saninsa da sunan Nivaquine. Kimanin shekara ashirin ke nan da Najeriya da Nijar suka cire shi daga jerin magungunan zazzaɓin cizon sauro, amma har yau akwai dattijan da ke tambayarsa, suna cewa magungunan yanzu ba su da ƙarfi, ai da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da zai ɗaure wa mutum kai shi ne, a wannan yanki da aka daina ba da kulorokwin, duk damina ma'aikatan lafiya suna bi gida-gida suna ba ƙananan yara wasu magunguna biyu da shekarunsu suka kusa nasa, kuma da cikakken izinin gwamnati da na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ashe tsufa kaɗai bai isa ya ɗaga magani ko ya kayar da shi ba. Tambayoyi uku ne mutane ke cakuɗawa idan ana zancen tsohon magani: yaushe aka samo shi, shin har yanzu yana aiki a kan cutar da ke wannan wuri, sannan wa ya ba da izinin amfani da shi kuma don wace cuta. Tarihin ƙasar Gobir ya nuna cewa amsoshin nan uku ba sa tafiya tare.

Lokacin da malami ne hukuma

Kufan Alƙalawa yana cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni ta yau. Sarkin Gobir Babari ne ya kafa birnin a tsakiyar ƙarni na 18 a kan ƙasar da a da take ta Zamfara, kuma daga nan Bawa Jan Gwarzo ya yi mulkinsa. A watan Oktoban 1808 rundunar jihadi a ƙarƙashin Muhammadu Bello ta ci birnin, aka kashe Sarki Yunfa. Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya suka yi arewa, bayan yaƙin Gawakuke na 1836 suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya wani reshe nasu ya dawo ya kafa Sabon Birni. Da Turawan Ingila da na Faransa suka shata iyaka a farkon ƙarni na 20, sai dangi ɗaya ya rabu tsakanin dokoki biyu. Wannan rabuwa tana da tasiri a kan magani har gobe.

Shi wanda ya ci Alƙalawa, wato Muhammadu Bello, yana cikin waɗanda suka fi yin rubutu a kan magani a ƙasar Hausa ta wancan zamani. Ya yi rubuce-rubuce da Larabci a kan ciwon ido, da basir, da amfanin filasko, da maganin Annabi, kamar yadda masanin tarihi Ismail Abdalla ya bibiya a bincikensa. A tsarin da Bello ya gada, abu biyu ne ke ba magani daraja: ingancin littafi ko malamin da aka ruwaito shi daga gare shi, da kuma shaidar cewa an jarraba an gani. Babu ofishin rajista, amma akwai wanda za a tuhuma, domin mai ba da maganin sananne ne, a gari ɗaya yake kwana da wanda ya ba.

Bello bai rufe ƙofa ga ilimin waje ba. Da Hugh Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Sarkin Musulmi ya nema har da a turo masa likita daga Ingila. Clapperton ya dawo a 1826, har ya shaida harin da aka kai wa Gobirawa a Konya, sai dai cikin likitoci biyun da suka taso tare da shi babu wanda ya iso Sakkwato. Shi kansa ciwo ya kwantar da shi ya rasu a can a watan Afrilun 1827. Maganin Turawa na lokacin bai iya kare Turawan kansu ba.

Kwinin, maganin da ya buɗe hanyar kogi

Abin da ya sauya lissafin shi ne ɓawon itacen sinkona na tsaunukan Kudancin Amurka. A 1820 wasu masana biyu a birnin Faris, Pelletier da Caventou, suka tace sinadarin kwinin daga cikinsa, aka samu damar auna shi daidai. Ayarin Ingila da ya shiga Kogin Kwara a 1841 ya rasa Turawa fiye da arba'in, akasari saboda zazzaɓi. A 1854 likita William Baikie ya jagoranci jirgin Pleiad ya haura Kwara da Binuwai yana ba mutanensa kwinin a kai a kai, suka koma ba tare da zazzaɓi ya kashe ko mutum ɗaya ba. Daga nan ƙofa ta buɗe wa 'yan kasuwa, sannan sojoji. Lokacin da aka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, shan kwinin kullum ya riga ya zama al'adar jami'an mulkin mallaka.

Babu wata hukuma da ta yi wa kwinin irin gwajin da ake yi wa sabon magani a yau kafin ya shiga hannun mutane. Aikinsa ne ya tsaya masa, duk da ɗacinsa da ƙarar da yake sawa a kunne da jiri. Ya shafe fiye da ƙarni guda shi ne madogara idan zazzaɓi ya tsananta, yaro ya fara jijjiga ko ya suma. Sai a 2010 wani babban gwaji a kan yara fiye da dubu biyar a ƙasashen Afirka tara, wanda aka yi wani ɓangarensa a Ilori, ya nuna cewa allurar atesunet tana rage mutuwa da kusan kashi 22 cikin 100 idan aka kwatanta da kwinin. A shekara mai zuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita atesunet. Kwinin bai zama haramtacce ba, ya dai koma layin baya, ana waiwayarsa idan babu na gaba.

Zamanin kulorokwin

Hans Andersag ne ya haɗa kulorokwin a kamfanin Bayer na Jamus a 1934, aka ajiye shi gefe bisa zaton gubarsa ta yi yawa. Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya yanke wa ƙasashen ƙawance hanyar samun sinkona daga tsibirin Jaba, shi ya sa aka sake duba shi, kuma kafin 1950 ya shiga kasuwa. Ga arha, ga sauƙin sha, kwana uku an gama, kuma mai ciki ma tana iya sha. Ba a taɓa samun maganin zazzaɓi da ya dace da aljihun talaka kamarsa ba.

Lardin Sakkwato yana cikin wuraren da aka fara gwada yaƙi da sauro na zamani. A 1954 aka soma wani shiri a yammacin lardin, wajen Birnin Kebbi da Argungu da Gwandu, ana fesa wa ɗakuna DDT da dayaldirin. Ba a yi nisa ba aka gano cewa sauron yankin Ambursa ya daina jin dayaldirin, abin da ya ja hankalin masana a duniya. Daga baya aikin Garki, a Jihar Jigawa ta yau, wanda aka gudanar daga 1969 zuwa 1976, ya haɗa feshi da raba magani ga gari sukutum, ya kuma tabbatar da cewa a irin wannan ƙasa ta Sudan ana iya danne cutar, amma da an saki sai ta dawo. Tun da kawar da ita ya gagara, sai aka dogara ga warkar da wanda ya kamu, wato ga kulorokwin. Mata masu ciki kuma aka riƙa ba su Daraprim duk ranar Lahadi.

Ƙwayar cutar zazzaɓin tana shiga jajayen ƙwayoyin jini ta ci sinadarin da ke cikinsu, abin da ya rage daga wannan ci kuwa guba ne gare ta, don haka takan dunƙule shi ta ajiye. Aikin kulorokwin shi ne hana ta dunƙulewar, gubar ta taru ta kashe ta. A ƙarshen shekarun 1950, a iyakar Tailan da Kambodiya da kuma Kolombiya, aka fara ganin irin da ya samu wata hanyar fitar da maganin daga cikinsa kafin ya yi aiki. Wannan iri ya iso Gabashin Afirka a 1978, ya ratso nahiyar, ya bayyana a Najeriya a rabin ƙarshe na shekarun 1980. Binciken da aka yi a wasu yankunan karkarar Senegal ya nuna cewa mutuwar yara saboda zazzaɓi ta ninka sau biyu ko fiye bayan isowarsa.

Me ya sa mutane ba su lura ba? Dalili biyu ne. Na farko, kulorokwin yana saukar da zafin jiki ko da bai kashe ƙwayar cutar ba, sai mara lafiya ya ji sauƙi, bayan mako biyu ciwon ya dawo a ɗauka sabon kamu ne. Na biyu, babban mutum da ya sha fama da zazzaɓi tun yana yaro jikinsa ya samu wata kariya, ko da taimako kaɗan zai iya miƙewa. Don haka dattijon da ke cewa kulorokwin na yi masa aiki ba ƙarya yake yi ba, abin da ya gani a jikinsa yake faɗa. Wanda ke biyan kuɗin wannan shaida shi ne jikansa ɗan shekara biyu da bai samu kariyar ba tukuna, wanda jininsa ke ƙarewa a hankali yayin da ake ganin kamar ya warke.

Bayan taron shugabannin Afirka a Abuja a watan Afrilun 2000 da gwaje-gwajen da Ma'aikatar Lafiya ta yi a 2002 da 2004, Najeriya ta sauya manufa a 2005 ta koma ga haɗin magungunan da ke da atemisinin, sinadarin da Tu Youyou da abokan aikinta suka tace a ƙasar Sin a farkon shekarun 1970 daga wani ganye dangin tazargade. Nijar ma a wannan shekarar ta sauya. Sai dai sauya manufa a takarda daban, kwashe kaya daga kanta daban. Sabon maganin ya fi tsada nesa ba kusa ba, don haka kulorokwin ya ci gaba da zama a shaguna shekaru da yawa. Kuma a duniya bai mutu ba: yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya don wani nau'in zazzaɓin da ya fi yawa a Asiya da Kudancin Amurka, ɗan'uwansa haidiroksikulorokwin kuma ana ba masu wasu cututtukan gaɓoɓi da na garkuwar jiki. Malawi, wadda ta fara janye shi a 1993, ta ga abin mamaki: bayan shekara goma sha biyu gwaji ya nuna ya dawo yana aiki kusan ɗari bisa ɗari, domin da aka daina shansa irin mai taurin kai ya ja baya.

Dokokin da gawarwaki suka rubuta

Tunanin cewa sai hukuma ta amince kafin a sayar da magani bai kai shekara ɗari ba, kuma kusan kowane mataki nasa ya biyo bayan wata musiba. A Amurka a 1937 wani kamfani ya narkar da maganin salfa a cikin dayetilin gilaikol, mutum fiye da ɗari suka mutu, da yawansu yara. Dokar 1938 ta wajabta nuna cewa magani ba ya cutarwa. Bayan talidomaid ya sa an haifi dubban jarirai da naƙasassun gaɓoɓi a Turai da wasu wurare, dokar 1962 ta ƙara sharaɗin nuna cewa yana aiki. To amma magungunan da suka riga waɗannan dokoki fa? Da yawansu sun ci gaba da yawo a kasuwa, likitoci na rubuta su, alhali hukumar FDA ba ta taɓa sa musu hannu ba.

Kwinin yana cikinsu. Sai a 2005 wani kamfani ya samu amincewar FDA a kan nasa samfurin, a ƙarshen 2006 hukumar ta umarci sauran su janye, saboda ana yawan shansa don ɗaurewar jijiyar ƙafa, amfanin da haɗarinsa ya fi ribarsa. Kolcisin, maganin ciwon gaɓoɓi da aka sani tun zamanin da, shi ma sai a 2009 ya samu takarda, kuma da kamfani ɗaya ya mallaki kasuwar farashin ƙwaya ɗaya ya tashi daga ƙasa da santi goma zuwa kusan dala biyar. Darasin a nan shi ne rashin takarda ba ya nufin magani banza ne, samun takarda kuma ba kyauta yake zuwa ba.

A Najeriya, dokar guba da harhaɗa magunguna ta 1936 ce ta samar da lasisin mai sayar da ƙananan magunguna, wanda shi ne kakan mai kemis na yau. An yi dokar abinci da magunguna a 1974, amma ba ta da haƙora. A 1990 gubar nan ta 1937 ta sake bayyana a cikin ruwan farasitamol na yara, ta kashe yara 109 a Jos da Ibadan. Wannan na cikin abin da ya kai ga Doka ta 15 ta 1993 wadda ta kafa NAFDAC. Sunan hukumar ya shiga kowane gida a zamanin Dora Akunyili, daga 2001 zuwa 2008, lokacin da aka riƙa ƙona jabun magunguna a bainar jama'a. Duk da haka a ƙarshen 2008 gubar ta dawo a cikin My Pikin, maganin fitar haƙori, ta kashe yara 84, sannan a 2022 ta kashe kimanin 70 a Gambiya.

Novalgin misali ne na yadda hukunci ke bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Kamfanin Hoechst ya fito da shi a 1922, Amurka ta janye shi a 1977 saboda yakan lalata fararen ƙwayoyin jini a wasu mutane, NAFDAC ta hana shi a 2005, amma a Jamus har yanzu likitoci na rubuta shi, a Brazil ma ana saya ba tare da takardar likita ba. Sinadarin ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne yadda kowace ƙasa ta auna haɗari, da irin madadin da take da shi, da kuma ko tana da halin gano matsalar da wuri idan ta auku.

Sanƙarau: ranar da tsoho ya fi sabo

Ƙasar Gobir tana tsakiyar yankin da likitan Faransa Léon Lapeyssonnie ya zana a 1963 a matsayin ɗamarar sanƙarau, inda cutar ke tashi da zafin bazara ta lafa da saukar ruwa. Magungunan salfa, irin su M&B 693 na 1938, su suka fara rage kisan da take yi, har ƙwayar cutar ta daina jin su. Aka koma ga kuloramfenikol, wanda ya shiga kasuwa a 1949. Ƙasashen Yamma sun taƙaita amfani da shi tuntuni domin a wasu 'yan tsirarun mutane yakan kashe ɓargo ya hana shi samar da jini. Amma a ƙarshen shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka nuna cewa allura ɗaya ta nau'insa da aka kwaɓa da mai tana warkar da sanƙarau. A ƙauyen da ma'aikaci ɗaya ke duba mutum ɗari a ƙarƙashin rumfa, allura ɗaya tak ita ce bambancin rayuwa da mutuwa, haɗarin ɓargo kuwa ƙanƙane ne idan aka ɗora shi a sikeli da cutar da ke kisa cikin kwana ɗaya ko biyu.

A annobar 1996, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya ta kashe fiye da 11,000, da wannan tsohuwar allura ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. A wannan asibitin ne kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara kimanin 200, rabi aka ba su Trovan, rabi seftiriyazon. Yara 11 suka mutu, biyar a rukunin farko, shida a na biyu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye kuma suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi ba. Shari'a ta ja har 2009, lokacin da aka sasanta da Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Shi Trovan ɗin, bayan ya samu amincewa a Amurka don manya, a 1999 aka taƙaita shi sosai saboda illa ga hanta, Turai kuma ta dakatar da shi. Rashin yardar da wannan lamari ya haifar na cikin abin da ya ba jita-jitar rigakafin shan-inna ƙarfi a 2003.

An sauke kuloramfenikol daga matsayinsa ta hanyar da ta dace. A 2003 aka yi gwaji a yankunan Maraɗi da Damagaram, aka kwatanta shi da allura ɗaya ta seftiriyazon, aka ga sakamakonsu ɗaya ne, ga shi seftiriyazon ya yi arha kuma ana samunsa daga masana'antu da yawa. Hujja ce ta sauke shi, kuma daga marasa lafiyar wannan yanki aka samo ta.

Dawowar waɗanda aka sallama

Magunguna biyun da ake bi gida-gida da su a damina su ne haɗin salfadoksin da firimetamin, wanda aka fi sani da Fansidar, da kuma amodiyakwin. Amodiyakwin ɗan shekarun 1940 ne, kuma a shekarun 1980 sunansa ya ɓaci bayan wasu matafiya Turawa da ke shansa mako-mako sun samu matsalar hanta da ta jini. Fansidar kuwa an sauke shi daga maganin warkarwa tare da kulorokwin. Sai bincike a Senegal da Mali da Burkina Faso da Gambiya ya nuna cewa idan aka haɗa su aka ba yara sau ɗaya a wata a cikin watannin damina, suna hana kusan kashi uku cikin huɗu na kamuwa. Suna daɗewa a jini, wanda shi ake buƙata ga rigakafi, kuma a Yammacin Afirka ƙwayar cutar ba ta bijire musu kamar yadda ta yi a Gabas ba.

A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yin haka a yankin Sahel ga yara daga wata 3 zuwa 59. An fara a Katsina da wasu sassan Nijar a 2013, aka faɗaɗa zuwa Sakkwato da Zamfara a 2015. Fansidar kuma shi ne ake ba mata masu ciki a wajen awo. Ga magani ɗaya da hukunci biyu: a ba yaro mai lafiya don kariya daidai ne, a ba yaro mai zazzaɓi don warkarwa kuskure ne. Irin wannan bambanci ba ya rubuce da manyan baƙi a jikin kwali, kuma lambar NAFDAC ba ta bayyana shi. Lambar tana shaida cewa an yi wa wannan samfurin na wannan kamfani rajista, rajistar da ake sabuntawa duk shekara biyar. Ba ta cewa shi ne ya dace da ciwon da ke gaban mutum.

Iyaka, daji da kanta

Duk waɗannan hukunce-hukunce a Abuja da Yamai da Janeba ake yanke su. A Gatawa ko Tsamaye, wanda ke aiwatar da su shi ne mai kemis da mai tallar magani a kasuwa. Lasisin mai kemis ya ba shi damar sayar da magungunan da ba su buƙatar takardar likita a cikin kwalinsu na asali, har da haɗin atemisinin, bai ba shi damar yin allura ko raba kafso ja-da-yalo ƙwaya bibbiyu ba. Amma inda asibiti ya yi nisa, shi ne likita, shi ne mai ba da bashi, shi ne wanda ake buga wa ƙofa da tsakar dare.

Iyaka ta ƙara dagula lamarin. Da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, farashin magungunan da Nijar ke shigowa da su ya yi tashin gwauron zabo, tallar magani a faranti ta bunƙasa, kuma kaso mai yawa na kayan daga kasuwannin Najeriya yake fitowa. A annobar sanƙarau ta 1995, a cewar Hukumar Lafiya ta Duniya, an yi wa mutum fiye da 50,000 a Nijar rigakafi da jabun allura da ta zo a matsayin gudummawa. A 2020, bayan Shugaban Amurka Donald Trump ya yabi kulorokwin a kan korona, farashinsa ya tashi, aka kwantar da mutane a Legas saboda shan da ya wuce kima, hukumar kuma ta yi gargaɗi game da jabunsa a ƙasashe da dama har da Nijar. Gwajin da aka yi a Ingila a wannan shekarar ya nuna haidiroksikulorokwin ba ya ceton masu korona. Tsohon suna da mutane suka yarda da shi jari ne ga mai jabu.

Rashin tsaron shekarun baya-bayan nan ya janye ma ɗan abin da ya rage na sa ido. Tun 2019 dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka zuwa Jihar Maraɗi, ma'aikatan lafiya sun bar wasu ƙauyuka, hanyoyi sun zama abin tsoro. Tun 2010 akwai tsarin kankare kwalin magani a aika lamba ta waya don tantance sahihancinsa, amma a watan Satumban 2021 da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, ciki har da Isa da Sabon Birni, wannan kariya ta tafi tare da sabis. A watan Maris na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga NAFDAC zuwa mataki na uku na ƙwarewa, matsayin da ƙasashen Afirka kaɗan ne suka kai. Nasara ce ta gaske, sai dai tsakanin wannan takarda da kantar kemis a bakin Gulbin Rima akwai tafiya mai nisa.

Najeriya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya, kuma binciken ƙasa na 2021 ya samu ƙwayar cutar a jinin kashi 22 cikin 100 na ƙananan yara, a Kebbi kashi 49, Sakkwato da Zamfara ma sun haura matsakaicin ƙasa. An riga an ga alamun bijirewa atemisinin a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya, wato ta hanyar da bala'in kulorokwin ya biyo. Abin da zai jinkirta isowarsa ƙasar Hausa ƙananan abubuwa ne da ke faruwa a gaban kanta: a gwada jini kafin a ba da magani, a shanye na kwana ukun ko da an ji sauƙi, kada a raba na yaro ɗaya ga yara biyu, kada a mayar da na rigakafi na warkarwa. Bello da malaman zamaninsa sun sharɗanta a jarraba a gani. Tarihin shekara ɗari biyu da ya biyo baya ya ƙara sharaɗi ɗaya: a ci gaba da jarrabawa, domin ita ma cutar tana koyo.